Gaɓar «ma» a Hausa: ma'anoninta da asalinta, tare da misalai daga Tasawa da Mayahi

0. Gabatarwa

A darasin ƙirar kalma mun saba fara wa ɗalibai da wannan jimla, wadda muka shirya don darasin kawai:

(1) Mu ma ma kai ma manoma ma'auni.

A rubuce gaɓar «ma» ta fito sau shida a cikinta. A baki kuwa ba abu ɗaya ba ce. Idan muka nuna tsawon wasali da karin sauti, ga yadda jimlar take:

(2) Muu maa mâa kai mà manòomaa ma'aunii.

Ta farko tana ƙarfafa wakilin suna. Ta biyu tana nuna mai aiki da lokacin aikin. Ta uku tana nuna wanda aka yi aikin dominsa. Ta huɗu da ta shida ɗafa-goshi ne. Ta biyar, wadda take ƙarshen «manoma», cikin saiwar aikatau «noma» take, ba ta da wata ma'ana ta kanta.

Manufar wannan maƙala ita ce a rarrabe waɗannan «ma», a nuna aikin kowace, a kuma bi diddigin asalinta. Batun ya wuce ajin jami'a. Tun da aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram a 1973, malaman firamare suke fama da tambayar inda za a haɗa «ma» da inda za a raba ta. A watan Maris na 2025 kuma dokar sake gina ƙasa ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar. Wannan ya ƙara nauyin aiki a kan masu tsara ƙamus da masu ƙirƙirar sababbin kalmomi, kuma ɗafa-goshin «ma-» yana cikin manyan kayan aikinsu.

Yawancin misalanmu irin maganar yau da kullum ce ta gundumomin Tasawa da Mayahi a jahar Maraɗi. Inda ake bukatar nuna lafazi, mun ninka wasali don nuna tsawonsa (aa), mun sa alamar (à) ga karin ƙasa, (â) ga faɗau, mun bar karin sama babu alama. A taƙaice S na nufin sama, Ƙ na nufin ƙasa.

1. Ɗafa-goshin «ma-»

Wannan ɗafi gajeren wasali gare shi. Yana hawa saiwar aikatau ya ba da suna iri uku. Abin lura shi ne «ma-» ba ita kaɗai take yin aikin ba: tare take tafiya da ɗafa-ƙeya da kuma tsarin karin sauti, kuma su ne suke bambanta iri ukun.

1.1. Sunan mai aiki

Namiji yana ƙarewa da -ii, mace da -iyaa, jam'i da -aa. Ga namiji da jam'i, gaɓar farko da ta ƙarshe suna sama, na tsakiya suna ƙasa.

(3) noma: manòomii, manoomìyaa, manòomaa
ƙera: maƙèerii, maƙeerìyaa, maƙèeraa
saƙa: masàaƙii, masaaƙìyaa, masàaƙaa
aikata: ma'àikàcii, ma'aikacìyaa, ma'àikàtaa

A misali na ƙarshe an ga ganɗantawa: /t/ ta zama /c/ a gaban /i/, ta dawo a jam'i. Haka /d/ take zama /j/ a «magaji» (daga gada), /z/ ma ta zama /j/ a «maciji» (daga ciza). Aikatau mai gaɓa ɗaya yana samun /y/ a tsakani: mashayi, mabiyi, masoyi, maƙiyi.

Ta fuskar ma'ana, sunan mai aiki yana nuna sana'a ko ɗabi'a, ba aikin lokaci ɗaya ba. Duk wanda ya ɗauki allura yanzu «mai ɗinki» ne, amma «maɗinki» shi ne wanda ɗinki ya zama abin yinsa. Matan ƙauyukan Gulbin Kaba da suke saƙa tabarmi da kaba shekara da shekaru masaƙa ne. A wasu kalmomi ma'anar ta ƙara tsukewa: «mashayi» ba mai shan ruwa ba ne, «maciyi» ba kowane mai cin abinci ba ne, «makaranci» kuma gwani ne wajen karatu, musamman na Alƙur'ani.

Akwai wata gajeriyar siga wadda ba ta tsayawa sai da kalma a bayanta: maci amana, mabi sarki, mafi girma, arewa maso gabas. Wasu daga cikinsu sun daskare sun zama kalma ɗaya, kamar «magatakarda» da sarautar «Majidaɗi».

1.2. Sunan wuri

Yana ƙarewa da -aa (mace) ko -ii (namiji), kuma dukkan gaɓoɓinsa suna sama.

(4) maƙeeraa, marinaa, majeemaa, mahautaa, mashaayaa, makarantaa
masaukii, mazaunii, masallaacii

A jam'i karin sauti yana sauka, sai gaɓar ƙarshe kaɗai take sama: màkàràntuu, mà'àikàtuu, màsàllàatai.

1.3. Sunan kayan aiki

Yana ƙarewa da -ii, dukkan gaɓoɓi sama, jam'i da -ai.

(5) mabuuɗii, màbùuɗai
magirbii, màgìrbai
masassabii, màsàssàbai
maduubii, màdùubai

A wasu kalmomi wasalin ɗafin ya bi na saiwa: «murfi» da «marfi» duka daga «rufe» suke.

1.4. Tagwayen kalmomi

Tun da rubutun yau da kullum ba ya nuna karin sauti, jam'in mai aiki da tilon sunan wuri suna faɗawa siga ɗaya:

(6) maƙèeraa (mutane) / maƙeeraa (wuri)
marìnaa / marinaa
majèemaa / majeemaa
mahàutaa / mahautaa
ma'àikàtaa / ma'aikataa
makàràntaa / makarantaa

Haka kuma ma'àunii shi ne mutumin da yake awon hatsi a kasuwa, ma'aunii kuwa tiyar da take hannunsa. Mai karatu yana gane abin nufi ne daga ginin jimla: «ma'aikata sun rufe» daban da «ma'aikata ta rufe». Inda babu wakilin suna, kamar a kan allon ƙofa ko a kanun labari, ruɗani yana iya shiga.

2. Sauran «ma» masu zaman kansu

2.1. «mà» ta kaikaitaccen karɓau

A daidaitacciyar Hausa ana sa «wa» a gaban suna, «ma-» a gaban wakilin suna: «na kai wa Abdu», «na kai masa». A Tasawa da Mayahi, kamar a Katsina, Gobir, Adar da Sakkwato, «ma» ake ji a wuraren biyu:

(7) Na kai ma Abdu hatsi.
An gina ma gari rijiya.
Ka gaya ma tsohuwa mun iso.

Wannan «mà» gajeriya ce, karinta ƙasa. Da wakilin suna kuwa tana sama, wakilin sunan yana ƙasa: makà, masà, matà, manà. Wasalinta yana iya bin na wakilin suna: mini, miki, muku, musu, a gefen mani, maki, maku, masu. Ana kuma gutsure wasu: «na gaya ma» a maimakon «maka», «na gaya mai» a maimakon «masa».

Daga nan wasu tagwaye suke fitowa. «Mata» a rubuce kalma uku ce: matà (gare ta), màataa (matar aure), maataa (jam'in mace). «Masu» biyu ce: masù (gare su) da màasu (jam'in mài). «Mai» kuwa tana iya zama mài na mallaka, ko mâi da ake soya ƙosai da shi, ko gutsurarren «masa».

Game da asali, Paul Newman a wata maƙala ta 1982 ya kawo ra'ayin cewa «wa» da «ma» ba sauyin lafazin kalma ɗaya ba ne: «wa» daga «ga» ta fito, «ma» kuwa tsohuwar alamar mallaka ce. Idan aka bi wannan ra'ayi, dangantakar «mà» ta fi kusa da mài da màasu, ba da ɗafa-goshin sashe na 1 ba. Abin da karin harshen yamma ya yi shi ne amfani da siga ɗaya a wuraren biyu. Saboda haka ba daidai ba ne malami ya ce wa yaron Mayahi «na kai ma Abdu» kuskure ne. Hausa ce ingantacciya. Abin da za a koya masa shi ne siga ta biyu wadda zai tarar a littattafai.

2.2. «maa» ta ƙarfafawa

Doguwa ce, karinta sama. Tana cikin ƴan kalmomin nan shida da ba su da ma'ana ta ƙamus sai ta zance: fa, dai, kam, kuwa, kuma, ma. Tana nuna ƙari ko wuce zato:

(8) Ni ma zan je Tasawa.
Ko sisi ma bai ba ni ba.
Bana maiwa ma ta yi kyau.

Ba ta fara jimla, kuma ana iya cire ta jimlar ta tsaya da ƙafarta. Wannan ya raba ta da duk sauran.

2.3. «mâa» da «màa» na wakilin suna

A lokaci mai zuwa na biyu ana cewa nâa, kâa, yâa, tâa, mâa, kwâa, sâa: «ma gani», «ma haɗu a kasuwa». A korarriyar sigar lokaci mai ci kuma ana cewa «ba ma zuwa» (baa màa zuwàa). A duka biyun /m/ ta wakilin suna «mu» ce, wasalin kuwa alamar lokaci ce da ta haɗe da shi. Tsohuwar sigar «mwa», wadda littattafan nahawu suke kawowa, tana nuna wannan haɗuwa a fili. A jahar Maraɗi an fi jin «ba mu zuwa», inda «mu» ta fito ba tare da sauyi ba.

3. Daga ina ɗafa-goshin ya fito?

Duk shekara idan muka yi wannan tambaya a aji, amsar da take fara fitowa ita ce Larabci. Dalilin ɗalibai ba na banza ba ne. Larabci yana da «ma-» ta wuri (kataba, maktab, jalasa, majlis), «mi-» ta kayan aiki (fataha, miftah) da «mu-» ta mai aiki (allama, mu'allim). Ayyuka ukun nan su ne muka gani a sashe na 1. Amma kama ba ta nufin aro. Akwai dalili uku da suka nuna gado ne.

Na farko, irin wannan ɗafi yana nan a sauran rassan dangin harsunan Afirka da Asiya. A harshen Masar ta dā, sunan ma'auni an gina shi da «m-» a kan aikatau mai ma'anar awo. A Tamajak, harshen Abzinawa da makiyayan arewacin Mayahi suke cuɗanya da shi, «amaḍan» (makiyayi) ya fito daga aikatau mai ma'anar kiwo. Marcel Cohen ya sa kalmomin Hausa a cikin kwatancensa na 1947, sannan Joseph Greenberg, a aikinsa da ya kammala a 1963, ya tabbatar da harsunan Cadi a matsayin reshe cikakke na wannan dangi. Ɗafin /m/ yana cikin shaidun da aka dogara da su.

Na biyu, ana samunsa a wasu harsunan Cadi ƴan uwan Hausa, kamar Bade da Ngizim na jahar Yobe a Nijeriya.

Na uku, a cikin Hausa kanta, «ma-» ta fi kama saiwoyi na asali waɗanda suka shafi noma, ƙira, jima da farauta, kuma tana tafiya da tsarin jinsi, jam'i da karin sauti wanda Larabci bai san shi ba. Ɗafin da aka aro ba ya shiga jikin harshe haka.

Saboda haka «mabuɗi» da «miftah» ƴan uwa ne ta wajen kaka, ba ɗa da uba ba. Wannan shi ya sa ararrun kalmomin Larabci masu «ma-» suka sami wurin zama cikin sauƙi.

4. «Ma» ta aro da «ma» ta saiwa

4.1. Larabci

Ana iya kasa kalmomin kashi huɗu.

(a) Waɗanda suka zo da «ma-» ta Larabci: majalisa, magariba, ma'ana, matsala. Bahaushe ba ya iya cire ɗafin, domin babu aikatau *jalisa ko *gariba a Hausa. Karin sautinsu ma ya tona asirinsu: màjàlisàa, màgàribàa, mà'ànaa duka da ƙasa suke farawa. Amma jam'in «majalisu» ya bi sahun «makarantu».

(b) Waɗanda «mu-» ta Larabci ta koma «ma»: malami (mu'allim), masifa (musiba). «Malami» ya yi kama da sunan mai aiki, amma macensa «malama» ce, jam'insa «malamai», kuma wasalinsa na farko dogo ne: maalàmii.

(c) Waɗanda /m/ ɗinsu ta saiwar Larabci ce: mallaka, makirci.

(d) Waɗanda Hausa ta gina da kanta a kan saiwar aro. «Masallaci» ba «masjid» ba ne. «Ma-» ce a kan «sallata», shi ya sa /t/ ta bayyana a «masallatai». «Makaranta» ba «madrasa» ba ce. Daga «karanta» take, aikatau mai asalin Larabci wanda Greenberg a 1960 ya ce ta hanyar Barebari ya shigo. «Maƙabarta» tana tsakani: akwai «maƙbara» a Larabci, amma Hausa ta ƙara mata -ta, ta ba ta sigar sunan wuri irin na sashe na 1.2.

A «almakashi» kuwa ɗafin kayan aiki na Larabci yana ɓoye a bayan «al-», ba mai jinsa kuma.

4.2. Barbarci

Tasawa tana kan tsohuwar hanyar da ta haɗa Abzin da Katsina da Kano, tana kuma maƙwabtaka da Damagaram, wadda ta daɗe ƙarƙashin Barno. Ta nan Heinrich Barth ya bi a watan Janairu na 1851. Ba abin mamaki ba ne a tarar da sarautu masu asalin Barno a fadodin wannan yanki. A Galadima, Ciroma da Yarima akwai «-ma», amma ɗafa-ƙeya ce ta Barbarci mai nuna mai abu ko mai riƙe da wuri. Barbarci ba ya cikin dangin Hausa. Yana cikin harsunan Sahara. Kusancin ma'ana tsakanin «-ma» tasa da «ma-» tamu bai sa sun zama abu ɗaya ba. Haka kuma «mai» ta Barbarci, wato sarki, wadda ta ba mu «maina», daban take da mài na mallaka.

A fada ɗaya ke nan ana iya samun Galadima mai «-ma» ta Barno zaune kusa da Magaji, Makama da Ma'aji masu «ma-» ta Hausa (gada, kama, ajiye). «Madawaki» ya fita daban, domin ɗafin a kan suna ya hau, ba a kan aikatau ba.

4.3. Faransanci da Ingilishi

A Nijar muna da mangaza, matala, makaroni da madam daga Faransanci. Daga Ingilishi, ta hanyar Nijeriya, akwai manaja, masinja da maci. A nan «ma» gaɓar farko ce kawai ta kalmar baƙuwa. Wani misali yana nuna yadda masu harshe suke sake fassara abin da suka ara: kalmar Ingilishi ta mai gyaran mota ta shigo da sigar «makaniki», sai aka ji gaɓar farko kamar ɗafi ce, aka musanya ta da «ba-» irin ta Bahaushe, aka sami «bakanike» da jam'i «kanikawa».

Irin wannan haɗuwar siga ba Hausa kaɗai ta shafa ba. Faransanci ya gāji «in-» biyu daga Latin: ta korewa a «inutile», da ta shiga ciki a «importer». Shi ya sa «inflammable» take ruɗa ɗalibai, suna zaton abin da ba ya kama wuta ne, alhali akasin haka take nufi.

4.4. Ma'auni uku na tantancewa

Kafin a ce «ma» ta farkon kalma ɗafa-goshi ce, muna ba da shawarar a yi tambaya uku.

Ta farko: wasalin gajere ne mai karin sama a tilo? «Magani» yakan ja ɗalibai su ce «ma-» ce da «gani», amma lafazinsa maagànii ne, da dogon wasali. «Magana» kuwa da ƙasa take farawa: màganàa.

Ta biyu: idan an cire «ma», abin da ya rage saiwa ce sananniya mai ma'ana da ta dace? «Madara» tana da sigar sunan wuri sarai, amma babu aikatau da za a mai da ita gare shi. «Masara» daga sunan ƙasar Masar take. «Maɗaci» kuwa ya tsallake wannan tambaya, domin ɗacin ɓawonsa sananne ne ga kowa.

Ta uku: mace da jam'i sun bi tsarin sashe na 1? «Makaho» yana ba da «makauniya» da «makafi», «magani» yana ba da «magunguna». Ba tsarin ba ke nan.

Kalmar da ta faɗi a tambaya ɗaya sai a ajiye ta gefe. Wadda ta faɗi a biyu ba ta cikin wannan aji.

5. Sunayen garuruwa

Claude Gouffé, a nazarinsa na 1967 kan sunayen ƙauyukan yankin Maraɗi, ya riga ya buɗe wannan fage. Abin da muke so mu ƙara shi ne gargaɗi game da rubutun taswira. Rubutun Faransanci ba ya nuna tsawon wasali, karin sauti ko baƙaƙe masu lanƙwasa, wato ainihin abubuwan da tambayarmu ta farko take bukata.

Wasu sunaye a buɗe suke. Maijirgi, garin da yake gabas da Tasawa bisa hanyar Damagaram, inda kaburburan Voulet da Chanoine suke tun watan Yuli na 1899, «mài» ne da «jirgi». Taswira tana rubuta shi Maïjirgui. Ba ɗafa-goshin «ma-» ba ne. Hawandawaki da Sarkin Hausa ma ba su bukatar dogon bayani. Maraɗi kuwa sunan sarauta ne kuma sunan gari, ba «ma-» da aikatau ba.

Mayahi misali ne mai kyau na tarkon da muke magana. A karin harshen wannan yanki /f/ tana zama /h/ a gaban /i/: tahi, hili, kihi. Saboda haka «mayafi», sunan kayan aiki daga «yafa», a nan «mayahi» ake cewa, kuma a rubuce ya yi daidai da sunan garin. Ɗalibi mai gaggawa zai tsaya nan ya ce ya gano asali. Daidaituwar haruffa hasashe kawai take bayarwa. Kafin a yanke hukunci kan sunan kowane gari sai an ɗauki lafazinsa daga bakin ƴan garin, da tsawon wasali da karin sauti, an kuma saurari tarihin kafuwarsa daga dattawa da makaɗan fada, an duba tsofaffin takardu. Idan shaidun uku ba su haɗu ba, ba a sa bayanin a ƙamus.

6. Abin da wannan ya jawo a aikace

6.1. Ƙa'idar rubutu

Bayan taron Bamako na 1966, littattafan yaƙi da jahilci a Nijar sun riƙa ninka dogon wasali, kamar yadda sunan jaridar Saabon Ra'ayii yake nunawa. Taron Yamai na 1980 ya kusanto da rubutun Nijar da na Nijeriya, aka bar ninkawa, kuma ƙudurin ma'aikatar ilimi na watan Oktoba 1999 ya tabbatar da ƙa'idar da ake bi. An sami sauƙi da haɗin kai, amma nauyin rarrabe «ma» ya koma kan tazara tsakanin kalmomi. Ƙa'idar ita ce:

ɗafa-goshi a haɗe: manomi, mabuɗi; da alamar hamza a gaban wasali: ma'aikata, ma'auni;
«ma-» da wakilin suna a haɗe: masa, mata, mana;
«mà» a gaban suna a rabe: ma Abdu;
«maa» ta ƙarfafawa a rabe kullum: ni ma, shi ma;
«mâa» da «màa» a rabe: ma gani, ba ma zuwa.

Kuskuren da muka fi gani a takardun ɗalibai shi ne manna «maa» ga kalmar da ta gabace ta. Wani lokaci wannan yana haifar da wata kalma dabam:

(9) su ma / suma
ku ma / kuma
ko ma / koma
da ma / dama

«Ku ma ku zo» gayyata ce ga wasu ƙarin mutane. «Kuma ku zo» ƙarin umurni ne ga mutanen farko. A takardar kiran taro ko ta shari'a bambancin ba ƙarami ba ne. Malamin da ya koya wa yaro gwajin cirewa, wato in an cire «ma» jimla ta tsaya to a raba ta, ya ba shi abin da zai yi masa amfani fiye da haddar jerin kalmomi.

6.2. Ƙamus

Bargery a 1934, Abraham a 1949, da ƙamus na Newman da Newman na 1977 duka sun nuna karin sauti da tsawon wasali a kalmomin shiga. Muna ganin ƙamus na makaranta da za a tsara a Nijar bai kamata ya yi ƙasa da haka ba. Ya kamata «ma» ta sami shiga dabam-dabam, kowace da lambarta, kuma a rubuta «mà» ta gaban suna a matsayin siga ta yamma, ba kuskure ba. Tagwayen misali na (6) kowanne ya sami shigarsa.

6.3. Ƙirƙirar kalmomi

Ɗafin yana da rai har yau. Majiya, mazaɓa, ma'adana, masana'anta, mahaɗa da manazarci duka sun karɓu. Da aka buɗe wurin tace man fetur kusa da Damagaram a 2011, kalmar «matata» tana nan a shirye, kowa ya gane ta. Amma mai ƙirƙira ya kiyaye abu uku. Ya tabbata akwai aikatau a ƙarƙashi, ko wanda za a iya ginawa da -ta. Ya duba ko sunan wurin da yake so zai yi karo da jam'in mai aiki: «mazaɓa» ta zauna lafiya domin mutanen «masu zaɓe» ake ce musu. Ya kuma tuna cewa sunan mai aiki yana ɗauke da ma'anar ɗabi'a, wani lokaci ta zargi. Inda ake nufin aikin lokaci ɗaya, «mai» da «masu» sun fi dacewa.

7. Kammalawa

Mun ga cewa abin da rubutu yake nunawa a matsayin «ma» ɗaya ya ƙunshi ɗafa-goshi na gado mai aiki uku, alamar kaikaitaccen karɓau, kalmar ƙarfafawa, wakilin suna haɗe da alamar lokaci, da kuma gaɓar da ta zo cikin aro daga Larabci, Barbarci, Faransanci da Ingilishi ko take cikin saiwa. Tsawon wasali, karin sauti, jinsi da jam'i su ne suke rarrabe su.

Aiki biyu muke ba ɗaliban da suke neman batun kundi shawara a kai. Na farko, tattara sunayen sana'o'i, wurare da kayan aiki masu «ma-» a kasuwannin Tasawa da Mayahi, daga bakin maƙera, majema da masaƙa, tare da lafazinsu, domin a ga waɗanda ƙamus bai ɗauka ba. Na biyu, ɗaukar sunayen ƙauyukan gundumomin biyu masu farawa da «Ma» ko «Mai» a faifai, a gwada su da tambayoyi uku na sashe na 4.4, a haɗa da tarihin kafuwar kowane ƙauye.